Abin da Serafim Ya Ajiye

Vishinari, 13 ga Oktoba, 2002

Zuwa ga ƙanwata Dusia,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Italiya. Ni ina nan ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini tsiya duk ranar da za a yi ruwa. Profira 'yar Kawu tana gaishe ki. Kullum sai ta leƙo ta katanga ta ga ko na mutu, in ta tarar ban mutu ba ta zage ni ta koma.

Kwalin da kika ba Tolea direba ya iso ranar Laraba. Takalmin ya zauna mini kamar an auna ƙafata. Gahawar kuwa na ba Profira, don ni in na sha ta sai zuciyata ta riƙa tsalle kamar zomo.

Mun gama yankan inabi. Bana ya yi zaƙi sosai, ganga uku na cika, suna can rumbun ƙarƙashin ƙasa suna tafasa. Ni da Profira muka yi aikin, don babu wanda za a kira. Layinmu gida goma sha ɗaya ne, amma a huɗu kaɗai hayaƙi ke tashi. Sauran duk suna wajenku ko Mosko.

Bari in ba ki labarin abin kunyar da na yi, kafin ki ji a bakin wani. Nichifor mai injin niƙa ya aurar da autarsa, ya ce ba wanda zai yi masa kiɗa sai ni. Na ɗauki gogena na tafi. Da aka zo rawar amarya na kaɗa, aka yi rawa, aka zauna. Can kuma na sake kaɗa ta. Wai ashe har sau uku. Ni dai ban san na yi ba, sai da Nichifor ya zo ya raɗa mini, "Serafim, amarya ɗaya ce fa muke da ita." Na tashi in yi wa yarinyar kirari, sunanta ya ɓace mini, yarinyar da aka yi wa baftisma a gabana. Hannuna kuma ya kama rawa. Wani ya miƙo mini ruwan inabi, ya ce in sha hannun ya tsaya. Na sha, ya tsaya. Kafin nan samari sun kunna kaset.

Na tsaya a tsakar fili, goge a hannu ɗaya, kofi a ɗaya hannun, shekara talatin da biyar ina wannan sana'a. Raisa, Allah ya ji ƙanta, ta sha faɗa mini cewa shi ne zai raba ni da mutuncina. Matata ta yi gaskiya. Tun daga ranar na ajiye shi, Dusia. Yau kwana ashirin ban ko taɓa shi ba.

Ki rubuto. Gidan ya yi shiru da yawa.

Yayanki,
Serafim

*

Rovigo, 3 ga Nuwamba, 2002

Yayana Serafim,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiyata lau, sai ciwon baya na ɗaga tsohuwa, wanda ya riga ya zama ɗan gida.

Yaya, a tashar da motocinmu ke tsayawa ranar Lahadi na karanta takardarka, a tsaye, ban iya jira in koma gida ba. Da na kai wurin da ka ce ka ajiye shi, sai ga ni zaune a kan buhun wata mata ina kuka. Matan garinmu suka taru a kaina, sun zaci mutuwa aka yi. Na ce musu, "Ba mutuwa ba ce, yayana ne ya daina sha." Vera 'yar Soroka ta ce, "Namiji? Ɗan Moldova? Da bakinsa ya faɗa ko mafarki kika yi?" Na nuna mata layin da yatsana. Daga nan na wuce coci na kunna kyandir biyu, ɗaya naka, ɗaya na Raisa, don ita ma ta ji.

Kwana ashirin! Baba bai taɓa yin kwana biyu ba, ka san yadda muka ɗauko shi daga gonar inabi. Shekara huɗun nan da nake nan, duk lokacin da aka ce ga takarda daga gida sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, an tsinci Serafim a kwata. Yau na huta da wannan.

Kada abin bikin ya dame ka. Waye a Vishinari bai taɓa jin kunya a biki ba?

Bari in ba ka labarin zamana. Sinyora Ottavia, tsohuwar da nake jinya, shekararta tamanin da takwas, ba ta tafiya, ba ta son a buɗe taga. Daga safe zuwa yamma ni da ita da talabijin. Ɗanta yana zuwa ranar Asabar, ya sumbace ta a goshi, ya duba firij, ya tafi. Wani lokaci sai in wuni ban furta kalma ɗaya da harshenmu ba, har in kama kaina ina yi wa tukunya magana.

Ga wani labari mai daɗi. Gwamnatin nan ta ce za ta ba irinmu takardar zama, ɗan Sinyora ya sa hannu, an shigar da sunana. Sharaɗin ɗaya ne, kada in fita ƙasar har takardar ta fito. In na fita, ta rushe, kuma ba dawowa. Da ta fito kuwa, motar Tolea ta farko za ka gan ni.

Ka riƙa cin abinci. Na sa maka tsirkiyoyin goge sababbi a cikin kwalin, mai shagon ya ce irinsu manyan makaɗa ke sa wa. Yanzu da hannunka zai tsaya da kansa, ka gyara shi, in na zo ka kaɗa mini.

Ƙanwarka,
Dusia

*

Vishinari, 24 ga Nuwamba, 2002

Dusia,

Ina gaisuwa. Lafiya dai ga ta nan.

Takardarki ta kwana goma a kan tebur ina kewaya ta. Ƙanwata, ba ki fahimce ni ba, ko kuma ni ne ban iya rubutu ba. Gogen na ajiye. Shi Raisa take cewa zai zubar mini da mutunci, don shi ke kai ni inda ake cika mini kofi. Yana kan kabad cikin akwatinsa. Ɗayan kuwa ban ajiye shi ba ko na yini ɗaya. Lokacin da nake rubuta miki waccan takardar ma yana gefen hannuna, in ba shi ba alƙalamin ba zai tsaya ba.

Tunda abin ya kai haka, bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ku kuna zaton daɗi nake ji. Daɗin ya ƙare tun da daɗewa. Da safe nakan farka jikina yana ɓari, zufa ta jiƙa ni, da wani tsoro da ban san na mene ne ba, kamar an aiko a kama ni. In na sauka rumbu na sha kofi biyu, sai in zama mutum kamar kowa, in iya ɗaura igiyar takalmi. Shi ke nan abin da yake yi mini yanzu. Abinci kuma ba ya shiga. Profira takan kawo mamaliga, tuwon masararmu, da cuku, in jira ta juya baya in ba kare. Ba ni jin ɗanɗanon komai. Jiya rana ta fito a kan gonar goro, irin fitowar da a da takan sa in tsaya in cire hula, na kalle ta kamar ina kallon bango.

Kaina ma ba nawa ba ne. Sai in shiga ɗaki in tsaya, ban san abin da ya kawo ni ba. Shekaranjiya na ɗora ruwa a wuta sau biyu, butoci biyu, duk suka ƙone.

Amma kin riga kin kunna kyandir, har kin gaya wa Raisa. Kin nuna wa matan gari layi da yatsa. Ba zan bari ki zama maƙaryaciya a kaina ba. Gobe Litinin zan kulle rumbun in kai wa Profira makullin, in ce ko na durƙusa ina roƙonta kada ta ba ni. Ba likita, ba kowa. Da ƙafata na shiga, da ita zan fita. Kafin takardar nan ta iso hannunki, abin da kika karanta bisa kuskure ya zama gaskiya.

Na gode da tsirkiyoyin. Suna da kyau ƙwarai, ban buɗe ledar ba.

Serafim

*

Rovigo, 21 ga Janairu, 2003

Yaya Serafim,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sa kana da rai kana karanta wannan.

Takardarka ta Nuwamba sai shekaranjiya ta zo hannuna. Wata biyu! Tolea ya ce ta faɗa bayan kujera, sai da ya zo wanke mota ya gani. Na tambaye shi labarinka, ya sunkuyar da kai ya ce shi bai shiga layinku ba. Ni kuma a nan na aika takarda biyu da katin Kirsimeti, ina ta jin haushi wai ka samu lafiya ka manta da ni. Na buga wayar gidan waya ya fi sau goma, ba ta shiga.

Jiya likitan Sinyora ya zo auna ta. Na tare shi a bakin ƙofa na ce, mutumin da ya yi shekara talatin yana sha kullum, in ya daina rana ɗaya shi kaɗai a gida, me zai faru? Ya ajiye jakarsa ya ce, "Waye? Yana ina? Kada ya kuskura. Irin wannan a asibiti ake raba shi da ita, da magani. Yana iya kashe shi."

Yaya, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ni da na roƙi Allah shekara da shekaru ka daina, yau ni ce nake cewa in ba ka riga ka yi ba, ka dakata ka je asibiti tukuna. Na yafe kyandir ɗin, na yafe matan tasha, su ce mini maƙaryaciya.

Wannan ta gidan waya na aiko ta, da sunan Profira a bayan ambulan. Profira, in ke kika buɗe, don girman Allah ki rubuto mini ko layi ɗaya ne.

Dusia

*

Vishinari, 9 ga Fabrairu, 2003

Zuwa ga 'yar'uwata Dusia,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Profira. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da alƙalami tun ina aikin gonar gwamnati. Yana da rai. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune.

Ni na hana Tolea ya gaya miki, ni kuma na ƙi rubutowa. Na san halinki, da kin ji sai ki faɗa mota ki taho, takardar zamanki ta rushe, shekara huɗu na wankin kashin tsohuwa su tafi a banza. Ki zage ni in kin zo.

Ranar Litinin ɗin ya kawo mini makulli, ya yi aski, ya sa takalmin da kika aiko. Na ce, "Kai kuma wa za ka aura?" Ya ce, "Riƙe wannan, ko na yi kuka kada ki ba ni." Na ji daɗi, na yanka kaza. Talata na same shi yana rawar jiki har gadon na motsi, ya yi amai, bai runtsa ba. Laraba da hantsi na tarar da shi a tsakar gida da tsintsiya yana ta sharar ƙasa, wai ɓeraye sun cika gidan suna hawa ƙafarsa. Ba ɓera ko ɗaya. Ya kama gefen siket ɗina ya durƙusa ya ce, "Profira, rabin kofi." Makullin yana aljihuna, Dusia. Na ce masa a'a, ka yi alkawari. Ina ganin alheri nake yi masa. Ban kai ƙofa ba na ji faɗuwarsa. Ya sandare, yana ta fizga, ya ciji harshensa jini na zuba. Nichifor ne ya ɗauke shi a tarakta zuwa bakin titi.

Sati biyar ya yi a asibitin gunduma. Likitar wata yarinya ce siririya, ba ta kai 'yata ba, amma ta zaunar da ni ta yi mini bayani har da zane a bayan takarda. Zan faɗa miki yadda na riƙe.

Ta ce ƙwaƙwalwar mutum tana da sinadarai iri biyu da take yi da kanta, ɗaya mai kwantarwa, ɗaya mai zaburarwa, kamar linzami da bulala. Giya tana jan linzami. In aka yi shekaru ana ja mata, sai ƙwaƙwalwar ta rage nata linzamin, ta ƙara bulala, don mutum ya iya tsayawa da ƙafarsa. To ranar da aka janye giyar gaba ɗaya, sai a bar doki da bulala ba linzami. Shi ne rawar jikin, da ɓerayen, da farfaɗiyar. Ta ce haka ma wurin da ke sa mutum jin daɗin abinci ko kiɗa, giya ta daɗe tana danna shi har ya dushe, shi ya sa komai ya zame masa lami.

Wannan duk ya wuce, an yi masa magani. Wanda bai wuce ba shi ne na biyun. Ta ce akwai wani bitamin da ƙwaƙwalwa ba ta rayuwa sai da shi, a abinci ake samu. Shi ba ya ci, ɗan abin da ya ci kuma giya ta hana hanji ya tsotse. Sai wurin da ke ajiye sabon abu a cikin kai ya lalace. Da aka kai shi idanunsa na rawa, yana tafiya ƙafa a buɗe kamar agwagwa. Sun yi ta yi masa allurar bitamin ɗin, idon ya daidaita, tafiyar ta yi dama. Ajiyar ce ba ta dawo ba.

Na ce mata, "Likita, ni na riƙe makullin." Ta ce, "Goggo, wannan ɓarnar ta shekaru ce, ko a bara aka duba za a gani. Da dai an kawo shi tun ranar farko da bai sha wannan wuyar ba, amma ba ke kika yi masa ba." Na faɗa miki ne don na ga kina ɗora wa takardar da kika rubuto masa laifi. Ni dai har yau maganar tata ba ta gama shiga kaina ba.

Yana ɗakin ɗana tun sabuwar shekara. In kin gan shi sai ki ce lafiyarsa lau. Ya san kowa, yana tuna sunan malamarmu ta aji ɗaya, yana tsokanata kamar da. Amma sai ya ci abinci ya ture kwano, in juya in dawo, ya ce, "Yau ba a ci a gidan nan ne?" Jiya Nichifor ya tambaye shi ina ya shiga kwana biyu, ya ce ai birnin Kishinau ya je kiɗan bikin wani kanar, har ya faɗi abin da aka ci. Ko ƙofa bai fita ba. Likita ta ce ba ƙarya yake yi ba, kan ne in ya tarar da rami sai ya cike shi da abin da ya samu, shi kuma ya yarda.

Mai wuyar ita ce Raisa. Ya tambaye ni ina take, na ce ai ta rasu shekara biyu ke nan. Ya yi kuka kamar yau aka yi. Washegari ya sake tambaya. Sau uku na binne masa ita, na ga ba zan iya ba. Yanzu cewa nake ta je wajen ƙanwarta.

Gangunan na ba Nichifor ya kwashe. Ba ya neman sha da baki, amma kullum da hantsi ƙafarsa takan kai shi ƙofar rumbun, ya tsaya yana shafa aljihu, sai in je in kamo hannunsa. Gogen na sauko masa da shi. Yatsun sun san hanyarsu, ba abin da suka manta.

Ki zauna inda kike har takarda ta fito. Ba ya ƙirga kwanaki, ke kaɗai ke ƙirgawa.

Taki,
Profira

*

Rovigo, 16 ga Maris, 2003

Profira 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jiki. Ba zan zage ki ba. Da wane bakin? Ke kina wanke shi kina ciyar da shi, ni ina nan ina ciyar da uwar wani.

Na karanta takardarki har ta yage a ninki. Kwana uku na haɗa jakata na ajiye bayan ƙofa. Sinyora, wadda nake zaton ba ta lura da komai, ta ce mini, "Wa ya mutu?" Na ce ba wanda ya mutu, yayana ne ya rasa tunaninsa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in buɗe taga. Muka zauna iska na shigowa.

An kira ni ofishin 'yan sanda ranar tara ga wata mai zuwa in karɓi takardar. Vera za ta riƙe mini tsohuwa sati uku. In Allah ya yarda zan iso ranar Alhamis kafin Ista. Kada ki gaya masa tun yanzu, ko kuma ki gaya masa, ban san wanne ya fi ba. Ke kika san shi yanzu, ni wanda na sani na da ne.

Na sa bitamin a kwalin, ki nuna wa likita kafin ki ba shi. Rigar sanyin taki ce, kada in zo in tarar kin ba wani.

Dusia

*

Vishinari, Profira ta ce Yuni ne

Zuwa ga ƙanwata Dusia,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni lafiya lau, ina zaune gidan Profira na ɗan kwana biyu saboda ana gyara mini rufi.

Dusia, ban so in rubuta wannan ba, amma abin yana cina. Shekara nawa ke nan ba ki taka garin nan ba? Huɗu ko biyar. Ista ta zo ta wuce, 'ya'yan mutane sun zo daga ko'ina, motoci sun cika layi, ni ina bakin ƙofa ina duba kowace mota. Ko kati. Ni na goya ki zuwa makaranta lokacin da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Ban ce ki bar aikinki ba, amma mutum yakan zo ya ga ɗan'uwansa ko sau ɗaya kafin a rufe shi.

In wani laifi na yi miki, ki faɗa mini. Na yi ta nema a kaina ban samu ba. Kwanakin nan in na nemi abu a kaina sai in tarar da wurin fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. An ce na yi ciwo. Ban sha komai yanzu, Profira ba ta bari, kin san ta da mulki.

Raisa ta je wajen ƙanwarta, ita ma ta daɗe. Kowa ya tafi ya daɗe.

Ki zo, ko na kwana biyu ne.

Yayanki,
Serafim

Dusia, ni ce Profira. Ya hana ni sakat sai na aika, ban taɓa ko kalma ba. Kada ki sa a ranki. Ya ƙara ƙiba, yana yi mini ciyawar lambu, jiya har ya tuna sunan likitarsa ba wanda ya faɗa masa. Ta ce irin wannan ci gaba ne, a hankali yake zuwa, kuma ba a san inda zai tsaya ba.

*

Rovigo, 22 ga Yuni, 2003

Yayana Serafim,

Ina gaishe ka da gaisuwa mai yawa. Lafiyata lau. Ba ka yi mini laifin komai ba, ko ɗaya.

Na daɗe ina tunanin ko in ce maka ka yi haƙuri ina nan tafe, in bar maganar a nan. Amma kai yayana ne, ba ka taɓa son a lallaɓa ka ba. Na zo, Yaya. Na zo ranar Alhamis kafin Ista, na yi kwana goma sha tara. Ciwon da ka yi ne ya taɓa wurin da kai ke ajiye sabon abu, shi ya sa zuwan nawa bai zauna ba. Ba laifinka ba ne. Tunda ni nawa ya zauna, bari in ba ka.

Kana zaune a kan benci ƙofar gidan Profira na sauko daga mota. Ka miƙe ka ce, "Wace ce wannan tsohuwar da ta saci fuskar Dusia?" Ka rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Ranar Juma'a muka rina ƙwai ja da ɓawon albasa, ka fasa uku, ka ce kazar ce ta yi su da rauni. Ranar Ista muka yi karon ƙwai, naka ya fasa na kowa, sai daga baya Profira ta gano na katako ne ka ɓoye tun muna yara. Ta bi ka da ludayi har lambu.

Mun shafe gidanka da farar ƙasa, ni da kai, ciki da waje. Kai ka yi saman, don ka ce ni gajeriya ce ko a kan tsani. Mun je kabarin Mama da Baba, ka cire ciyawa da hannunka, ka ba ni labarin ranar da aka haife ni, wanda ban taɓa ji ba. Wai an aike ka kiran ungozoma, ka tsaya kallon masu kamun kifi, kafin ku iso na riga na fito ina tsala ihu.

Kowace safiya in na shigo da shayi sai ka ɗago ka ce, "Dusia! Yaushe kika iso?" Kwana biyun farko na fita bayan gida na yi kuka. Daga baya na daina. Shekara huɗu ina ƙasar da ba wanda ke ɗaga kai in na shigo ɗaki, sai ga ni ana yi mini maraba da dukan zuciya safiya goma sha tara a jere. Nakan ce, "Yanzu-yanzun nan," ka ce, "To zauna, kin sha hanya," ka tura mini rabin burodinka.

Ranar da zan tafi kai ka ɗaukar mini jaka har bakin titi, ka ƙi ba kowa. Da motar ta zo ka ce wa Tolea, "Ka tuƙa a hankali, ita kaɗai gare ni." Ka tsaya kana ɗaga hula har muka sha kwana.

Ga hoto na sa a ciki, ni da kai a gaban gidan, duk farar ƙasa a gashinmu. Na rubuta kwanan wata a baya. Profira za ta kafa shi a bango kusa da gadonka. Takardar nan kuma ka ninke ta ka sa a aljihun rigarka na ƙirji. Duk lokacin da ka ji ranka ya ɓaci cewa ban zo ba, ka ciro ka karanta. In ka manta ka sake karantawa, ba ta ƙarewa.

Ka ci duk abin da aka sa maka a kwano, ka sha maganinka, ka rage yi wa Profira gardama.

Zan sake zuwa a watan Agusta, ranar sha huɗu. Kada ka wahalar da kanka wajen riƙe ranar. Ni zan riƙe mana.

Ƙanwarka,
Dusia